Hayaƙin Tsumma a Jirgin Micondo

"Ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Kwamanda Aderito Bandeira bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da goge tabaransa da gefen riga, sai ka ce daga taga maganar ta shigo. Takardu biyu ne a kan teburinsa a safiyar nan ta Talata. Ɗaya tana cewa jiragen sintirinmu uku lafiyarsu ƙalau, kowanne a shirye yake ya fita teku, kuma sa hannun injiniyar runduna take jira, wato ni. Ɗayar kuma takardar tafiyata ce kwas na shekara biyu a ƙasar waje, wanda idan na gama zan dawo babbar injiniya. Ita kuma sa hannunsa take jira.

"Laftanar Celmira," in ji shi, "ban tambaye ki ra'ayinki ba. Biro na miƙa miki."

"Na gani, ranka ya daɗe. Jirgi ɗaya ke tashi. Idan aka rubuta ɗaya, yanzu zan sa hannu."

Sai a lokacin ya dube ni.

Tsibirinmu ƙarami ne, mota tana ƙure shi kafin rana ta karkata, amma tekun da ke ƙarƙashin tutarmu ya ninka ƙasar sau ɗari da ɗoriya. Abin da muke tsaron wannan teku da shi jirage uku ne, Ossobo da Micondo da Concon, dukkansu kyauta daga ƙasashe uku dabam-dabam. Kowanne an kawo shi da kiɗa da jawabai, ba wanda aka haɗo da kayan gyara. Notin Ossobo da inci ake auna shi, na Micondo da milimita, saboda haka ko ƙusar wannan ba ta shiga ramin wancan. Concon kuwa littafin injinsa da wani rubutu aka buga shi wanda duk tsibirin babu mai iya karantawa. Micondo ya shekara huɗu bai motsa ba, Concon shida. Ossobo ne kaɗai ke fita, shi ma da inji ɗaya cikin biyu.

Duk shekara, kafin a zauna kan kasafin kuɗi, kwamitin tsaro na majalisa yakan zo tashar ruwa ya duba mu. Duk shekara kuma abu ɗaya ake yi. A shafe jiragen uku da fenti, a ɗaura tutoci, a jera samari da fararen kaya. Sannan Saje Gualter, tsohon makanikenmu, ya sauka cikin matattun jiragen ya kunna tsumma mai baƙin mai a cikin gwangwani, ya ajiye a gindin bututu, hayaƙi ya riƙa fita sama. A tada ƙaramin janareta a ɓoye saboda ƙara. 'Yan majalisa su tafa, a ɗauki hoto, su koma su rubuta cewa rundunar teku ba ta da matsala. Kuɗin fenti da na kayan fareti su fito, na safaya da mai su maƙale.

Kwamanda ya tashi ya tsaya a bakin taga. Ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban waye. Shekara talatin ya yi a ruwa, kuma shi ya karɓe ni aiki lokacin da wasu ke cewa mace ba ta da abin yi a ɗakin inji.

"Zo ki duba," in ji shi. "Me kika gani?"

"Jirage uku."

"To haka ɓarayin kifi ke gani. Haka 'yan fashin teku ke gani. Ranar da takarda ta fita cewa ɗaya gare mu, gobe a rediyo za a karanta, jibi su shigo har bakin kasuwa. Ƙaramar ƙasa da kwarjini take rayuwa, yarinya. Ba a koya miki wannan a makaranta ba?"

"An koya mini cewa suna da na'urar da ke hango duk abin da ya fita daga mashigar nan, ranka ya daɗe. Shekara huɗu suna kallo, ba su ga Micondo ya fita ba. Sun riga sun sani. Waɗanda ba su sani ba su ne masu raba kuɗin."

Daga nan ya koma mazauninsa, ya ɗauki takardar tafiyata, ya jefa ta cikin aljihun tebur, ya rufe.

"Kwana tara ya rage su zo. Ki je ki yi tunani."

Na ƙame, na sara masa, na fita.

A cikin Ossobo na sami Saje Gualter, rabin jikinsa a ƙarƙashin inji, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Labari ya riga ni isowa, don a tasharmu ko tari ka yi a ofis sai an ji a bakin ruwa.

"'Yar boko, an ce kin yi wa babban mutum tsaye," in ji shi daga ƙasa. "Miƙo mini sufana mai lamba tara. Ba waccan ba, ta inci. Wannan jirgin ba ya jin milimita."

Na miƙa masa. "Saje Gualter, shekara nawa kana ƙona tsumma?"

"Sha tara, tun kan jiragen da suka gabaci waɗannan. Na ƙware, wallahi. Har matata tana ɓoye tsofaffin zannuwanta idan watan ya kama." Ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai. "Injiniyoyi biyar na yi aiki da su kafin ke. Duk sun sa hannu, duk sun yi tumbi, biyu har da mota. Ke da me kika fi su?"

"Ni na san ƙarya ce."

"Su ma sun sani! Ke kin ɗauka jahilai ne?" Ya yi dariya har da tari. "Saurara, 'yata. Ki sa hannu, ki tafi kwas ɗinki, ki dawo da tauraro a kafaɗa, sannan ki gyara abin daga sama."

"Haka su biyar ɗin suka ce?"

Ya sosa ƙeya da sufanar. "Haka suka ce."

"Nawa suka gyara?"

"Ke dai bakinki ya fi injin nan zafi," in ji shi, ya koma ƙarƙashi.

Da yamma na biya kasuwar kifi wurin mahaifiyata. San Zinha ake kiranta, don a wurinmu San ake sa wa sunan babbar mace, kuma shekara ashirin da shida ke nan tana zaune a wuri ɗaya da daronta. Da wannan daron ta biya mini makaranta. Na tarar tana faɗa da wata mai saye a kan kifi uku da ko tafin hannuna ba su kai ba.

"Wannan ne kifi, San Zinha? Ai jikokin kifi ne!"

"To je ki teku ki kamo kakanninsu mana!" in ji Inna. Da ta hango ni sai ta saki matar. "Ga Laftanar ɗina. Zo ki ga abin da na samo miki."

Daga ƙarƙashin tebur ta zaro wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo, ja, mai gashi a wuya. A tsibirin da ba a taɓa sanin sanyi ba. Ta ce ta ji a can har numfashi daskarewa yake yi. Kasuwar gaba ɗaya ta san ina shirin tafiya, don ba wanda ya sayi kifi a wata biyun nan bai ji labarin ba.

Na zauna a kan bokiti na faɗa mata komai.

Ta ninke rigar a hankali. "To idan kin ƙi sa hannu, kifi zai dawo?"

"Ba yau ba."

"Gobe?"

"Inna, Kawu Valdemar da can da hantsi yake dawowa da kwale-kwale cike. Yanzu kwana biyu yake yi a ruwa. Sau nawa manyan jiragen nan suka yanke masa raga bana?"

"Uku."

"Ya kira mu a rediyo duk sau ukun. Ba mu je ba, babu mai. Idan aka shekara goma a haka, babu kifi, babu kasuwar nan, samarin unguwarmu kuma duk wanda ya zo da jirgi mai gudu da bindiga zai ɗauke su aiki. Ni ba zan rubuta sunana a ƙarƙashin takardar da ta ce komai lafiya ba."

Inna ta kore ƙuda daga kan daron. "Taurin kan ubanki kika ɗauko, Allah ya ji ƙansa. Shi ma haka yake, gaskiya a bakinsa, aljihu wayam." Ta tura rigar ƙarƙashin tebur da ƙafa. "Akwai miyar calulu a gida. Ki ɗumama, kada ki cinye mini naman ciki."

Sau biyu Kwamanda ya sake kirana a cikin kwana taran nan, sau biyu na ba shi amsa ɗaya. A rana ta takwas sai na ji cewa an sa wa takardar hannu. Jami'in sito ne ya sa, wani bawan Allah da bai taɓa riƙe sufana ba. Aka ce mini in sa fararen kaya in shiga layi in kama bakina. Na ce zan shiga layi, zan kuma yi shiru muddin ba a tambaye ni ba. Wanda ya kawo saƙon ya ce ba a taɓa tambayar kowa komai ba.

Ranar ta zo da rana mai kyau da iskar rani mai sanyi-sanyi da muke kira gravana. Jiragen uku suna ƙyalli, hayaƙi yana tashi daga kowanne, janareta yana gurnani a ɓoye. Ni kaina, da ban san cikinsu ba, da na tafa. 'Yan majalisa bakwai suka sauko daga motoci. Shida maza ne da muka saba gani. Ta bakwai sabuwa ce, wata gajeriyar mata mai ɗankwali da jaka a hammata, San Adalgisa, wadda masunta da masu bandar kifi na kudu suka zaɓo.

Kwamanda ya yi jawabi, ya miƙa takardar. Mazan suka duba sama-sama suka miƙa gaba. San Adalgisa ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, tana bin layi da yatsa.

"Kwamanda, nan an rubuta injiniya, amma wanda ya sa hannu an ce jami'in sito ne. Ba ku da injiniya?"

"Muna da ita, Mai girma. Wani ɗan uzuri ne."

"Ba ta da lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To wace ce?"

Ba wanda ya nuna ni, amma duk layin ya juyo ya dube ni, wanda ya fi nuni. Ta tako har gabana. Da kyar kanta ya kai kafaɗata.

"Ke 'yar wace ce?"

"'Yar San Zinha ta kasuwar kifi, Mai girma."

"Mai faɗan nan? To. Hannunki ke ciwo?"

"A'a."

"Me ya hana ki sa hannu?"

Na ji idon Kwamanda a gefen fuskata kamar garwashi. Ban dube shi ba.

"Jirgi ɗaya ke tashi, Mai girma, da inji ɗaya. Man da ake ba mu na kwana shida ne a wata. Micondo famfon mai yake buƙata da injekta shida, kuɗinsu bai kai na fentin bana ba. Concon ya mutu, gara a sayar da ƙarfensa."

Wani daga cikin mazan ya yi dariyar yaƙe. "Haba, ga hayaƙi muna gani da idonmu."

San Adalgisa ta juya ta nufi Micondo. Ta tsaya a bakin gada, ta ɗaga hanci, ta shaƙa sau biyu.

"Ni a gindin murhun banda aka haife ni," in ji ta. "Na san hayaƙin ɓawon kwakwa, na san na ɗanyen itace, na san na man gas. Wannan zani ne ke ci." Ta ɗaga murya. "Wanda ke ciki ya fito, kada ya shaƙe a banza!"

Can sai murfin ɗakin inji ya ɗaga, Saje Gualter ya fito da jajayen idanu, gwangwani a hannun hagu yana ta hayaƙi. Ya rasa yadda zai yi da shi, sai kawai ya ƙame ya sara da hannun dama.

"Barka da zuwa, Mai girma," in ji shi. "Na matata ne."

Wani matuƙi a layi ya fashe da dariya, sauran suka bi. Har 'yan majalisar. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, ni da Kwamanda.

Da a tatsuniya ne, da washegari kuɗi sun zubo. Abin da ya zo washegari takarda ce. An mayar da ni Morro Vigia, wani tsauni a ƙarshen kudu inda runduna ke da ɗaki ɗaya na dutse, da rediyo, da madubin hangen nesa. Ba a ce hukunci ba ne, an ce wurin yana buƙatar jami'i mai ilimi. Kwas ɗina aka ba jami'in sito.

Mota ba ta hawa Morro Vigia. Daga inda hanya ta ƙare, tafiyar awa ɗaya da rabi ce a ƙafa, ruwan sha a ka. Kwanon ɗakin yana yoyo ta wuri biyar, batirin rediyo ya kumbura, beraye sun cinye rabin littafin aiki. Wanda na karɓa daga hannunsa ya ce mini aikin ba wuya, a kwana, a tashi, a jira albashi. Na ce masa ya sauka lafiya.

Na toshe kwanon da kwalta. Na kwance na'urar sola na wanke ta, na sake ɗaura wayoyin, na sayi batir da kuɗina. Kullum daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ina kan madubi, duk jirgin da ya gifta in rubuta kamanninsa da lokaci da inda ya dosa. Ranar Lahadi in sauka ƙauyen masunta bayan an fito coci. Da farko dariya suke mini, suna kirana Laftanar Tsumma, don labarin ya zagaye tsibirin. Ban damu ba. Na gyara musu injinan kwale-kwale kyauta, na ce abin da nake so kawai shi ne duk wanda ya ga baƙon jirgi ya faɗa mini launinsa da lambarsa da wurin. Kafin shekara ta zagayo, ina da idanu sittin a kan ruwa. Na gane cewa ɓarayin ba da ka suke shigowa ba. Akwai wani koren jirgi mai tsatsa a baki da ke zuwa duk ƙarshen wata, daidai lokacin da man Ossobo ya ƙare. Sun san kwanakinmu fiye da majalisa.

Duk wata ina aika rahoto hedikwata, kwafi ɗaya kuma ga kwamitin tsaro, kamar yadda doka ta yarda. Ba a taɓa ba ni amsa ba. Kasafin shekarar farko bai canja komai ba, sai dai an daina fentin. Zazzaɓi ya kayar da ni sau biyu a damina. Inna ta hau tsaunin sau ɗaya, tana haki tana zagin duk wanda ya gina ɗaki a nan, ta kawo mini busasshen kifi da jar rigar nan.

"Tunda ba ki je inda ake sanyi ba, ga shi sanyin ya biyo ki," in ji ta. Gaskiyarta, iskar gravana a kan tsauni ba ta da wasa. Na sa rigar.

A kasafin shekara ta biyu San Adalgisa ta tsaya a majalisa da rahotannina ashirin da huɗu a hannu, ta ƙi zama sai da aka saka layin safaya da mai. Rabin abin da ake buƙata aka bayar. Rabin ya isa. Wata huɗu bayan haka Saje Gualter ya kira ni a rediyo.

"Morro Vigia, 'yar boko, kina ji? Saurari wannan."

Sai na ji gurnanin inji, mai nauyi, mai daidaito, irin wanda janareta ba ya iya kwaikwaya.

"Micondo ne?"

"Shi ne! Matata tana gaishe ki, ta ce zannuwanta sun huta."

Ƙarshen wannan watan, da hantsi, Kawu Valdemar ya kira ni daga ruwa ya ce koren jirgin ya shigo, yana jan raga mil tara daga tsauni. Na same shi a madubi, na ba hedikwata wurin. Ɓarayin a lissafinsu Ossobo ba shi da mai, kuma haka ne. Micondo ne ba su lissafa ba. Ina tsaye a kan dutse na ga ya ɓullo ta bayan tsibiri yana keta ruwa, fentinsa duk ya koɗe, tsatsa a gefensa, bai taɓa yi mini kyau kamar ranar ba. Kafin azahar an tasa ƙeyar koren jirgin zuwa tasha.

A rediyon ƙasa Kwamanda aka yaba wa, har da lambar girma. Ban ji haushi ba, shi ya jagoranci kamun da kansa, kuma ya iya. Bayan kwana biyu ya kira ni.

"Laftanar Celmira."

"Ranka ya daɗe."

"Wurin da kika bayar daidai ne. Ko mita ɗari bai kauce ba."

"Na gode, ranka ya daɗe. Yaushe zan dawo ɗakin inji?"



"Kin yi gaskiya a kan jiragen," in ji shi. "Amma na ba ki umarni kin ƙi, kuma duk runduna ta gani. Idan na dawo da ke, gobe kowane ƙaramin jami'i zai zaɓi umarnin da zai bi. Muddin ina kan kujerar nan, kina Morro Vigia."

"Shekara nawa ya rage maka, ranka ya daɗe?"

Na ji kamar ya yi 'yar dariya. "Uku."

"To zan jira."

Yau shekarata biyu da wata huɗu a kan tsaunin nan. Jami'in sito ya dawo daga kwas da tauraron da ya kamata ya zama nawa, idan mun haɗu ni ke sara masa. Shekarun shiga kwas ɗin sun wuce ni a watan jiya, ba zan ƙara samunsa ba, kuma ba zan taɓa zama babbar injiniya ba. Saurayin da ke jirana a birni ya gaji da hawan dutse ya auri wata. Akwai sauran shekara uku a gabana na ɗaukar ruwa a ka. Abin da ƙin sa hannu ya ci mini ke nan, kuma ban rage komai a ciki ba. Jirage biyu ke fita teku yanzu, kuma da za a sake miƙo mini biron nan gobe, a kan tebur zan bar shi.